Barau Bindiga da Raket Mai Taushi

Duk wanda ya san Agege ya san Barau Bindiga, kuma duk wanda ya san Barau ya san yadda ake jin haushin mutum ana kuma ƙaunarsa. Sana'arsa sayar da katifa. Shagonsa na kusa da layin dogo, katifu jibge har rufi, kuma in mai saye ya shigo sai ya zaunar da shi a kan ɗaya ya yi ta yi masa huɗuba: jikin ɗan'adam ba dutse ba ne, taushi shi ne lafiya, wanda ya wahalar da bayansa yau zai gani a jikinsa gobe. Da Hausa yake fara huɗubar, ya juya ta Yarabanci in ta kama, ya ƙarasa da Turancin buroka. To mutumin da ke faɗin wannan da safe, shi ne da yamma zai saɓi raket ɗin tanis mai tauri kamar taɓarya ya nufi Ogba, ya yi ta dukan ƙwallo har gwiwar hannunsa ta kumbura.

A Agege aka yanke masa cibiya. Mahaifinsa ɗan goro ne, cikin waɗanda suka baro Kano da niyyar yin shekara guda suka ƙare da jikoki a Legas. Wata rana aka aiki Barau da ƙullin goro gidan wani babban ma'aikaci a Ikeja, ya bi ta bayan wani kulob, ya ji ana buga wani abu ƙau, ƙau, kamar ana faskare. Ya leƙa. Goron nan bai isa inda aka aike shi ba sai bayan la'asar, ya kuma sha dukan da ya cancanta, amma washegari ya koma. Ya fara da tsince ƙwallo, ya koma buga wa manya in abokan wasansu sun makara, kafin gemu ya fito masa ya fi yawancinsu iyawa. Har gasar jiha ya shiga da takalmin aro. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo ya riƙe gida, ya buɗe shago, ya auri Asama'u, suka haifi Nazifa da ƙannenta. Tanis dai bai sake shi ba, shi ma bai taɓa neman ya sake shi ba.

A faɗi gaskiya, Barau ya iya. Ba irin alhazan nan ba ne da likita ya ce su motsa jiki, su sayi fararen kaya su je suna kai wa ƙwallo duka kamar masu korar kaza. Ya haura hamsin, amma ƙafarsa tana kai shi inda ƙwallo za ta sauka tun ba ta sauka ba, kuma tun wajen ɗumama jiki yake gane inda abokin wasa yake da rauni. Bugunsa miƙaƙƙe ne, babu murɗa, babu lallaɓa. Raket ɗinsa tsoho ne, baƙi, mai nauyi, ba ya ba da kai ko kaɗan, ga shi yana sa a ja masa tsirkiya har ta koma kamar allo. In ƙwallo ta gamu da shi sai ka ji kamar an tashi bindigar toka. Daga nan sunan ya samo asali.

Filin da suke bugawa a Ogba na tsohon kulob ɗin ma'aikatan wani kamfani ne da ya daɗe da rufewa. An zagaye shi da waya, an lulluɓe wayar da koren tamfol saboda iska. Ciki babu inuwa ko ta tsuntsu. Inuwar tana waje, ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya inda mai shayi ya kafa teburinsa, a nan kuma majalisar 'yan kallo take zama. Wai 'yan kallo! Ba abin da suke kallo sai tamfol. Mutanen nan da kunne suke bin wasa. Sun san bugun kowa, kuma a wurinsu gwani shi ne wanda bugunsa ya fi ƙara, ko da ƙwallon can bayan katanga ta faɗa. Shugabansu Ɗan'azumi ne, dillalin shanu a abbatuwa, wanda tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe raket ba. Amma in ya kurɓi shayi ya lumshe ido ya ce, "Wannan Bindiga ne," sai ka rantse alƙalin wasa ne aka ɗauko daga ƙasar waje. A baki Barau yana raina su. A zuci kuwa saboda su yake bugawa, kowa ya sani, har da shi.

Ciwon ya fara kamar wasa, ɗan tsami a gwiwar hannun dama in ya tashi da safe. Sannu a hankali ya kai in zai ɗaga buta sai ya cije leɓe, in zai murɗa makullin shago sai ya taimaka da hagu. Ya je wurin wanzami aka yi masa ƙaho, ya dawo yana murna wai an fitar da mataccen jini. Ya shafa man zafi iri-iri har ɗakin ya koma warin kantin magani. Wani ya ce ya ɗaura ganye, ya ɗaura. Abu guda ne bai gwada ba, wato hutu, kuma shi ne abin da kowa yake gaya masa.

Abokin karawarsa na gaske a filin nan Dalyop ne, mutumin Jos, injiniya a wani kamfanin lemo, Barau ya ba shi kusan shekara goma. Matar Dalyop, Martina, a asibiti take aiki, sashen gashin ƙashi, ita ma takan buga ranar Asabar. Ita ta lura Barau yana yarfe hannu tsakanin bugu da bugu. Ta tare shi a ƙofar fili ta ce ya miƙo hannun. Ta danna wani wuri da babban yatsa, Barau ya saki wata ƙara da majalisa ba ta taɓa ji daga gare shi ba.

"Oga Barau, jijiyan nan ya gaji," in ji ta da Hausarta ta Jos. "Ya fara tsintsinkewa kamar tsohon igiya. Wannan raket naka, duk bugun da ka yi a nan yake sauka. In ka ci gaba, wata rana zai tsinke, hannun ba zai riƙe komai ba. Ba raket kawai ba fa. Komai."

"Madam, abeg, ɗan tsami ne jare. Sanyin damina ne."

"Sanyin damina bai ga hannun hagu ba?"

Ya yi dariya, ya yi kunnen uwar shegu, ya koma fili. Martina kuwa ba ta tsaya ɓata bakinta ba, ta nemi lambar Asama'u.

Asama'u mace ce mai haƙuri, amma irin haƙurin da in ya ƙare ba ya sallama. Washegari Barau na fita shago ta ɗauki baƙin raket ɗin ta miƙa wa mai kurar gwangwan da ke wucewa, ta ce ya tafi da shi nesa. Da Barau ya dawo ya tarar da ƙusar da yake rataye shi babu komai a jikinta, ya yi ta faɗa har maƙwabtansu Yarabawa suka fito suna ba shi haƙuri ba tare da sun san laifin wa ba ne. Ya ce raket ɗin nan ya girmi Nazifa. Ya ce an ci amanarsa a cikin gidansa. Asama'u tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, sai da ya gaji don kansa.

"Baban Nazifa," ta ce, "hannun nan ba naka ne kai kaɗai ba. Gidan nan duka a kansa yake."

Sai ya ce ba zai ci abinci ba. Ya kuma ci.

Ranar Asabar Dalyop ya zo masa da wani raket. Irin sababbin nan ne da aka ƙera don masu ciwon hannu: in ƙwallo ta doke shi jikinsa yana ɗan lanƙwasawa ya shanye dukan, sannan ya dawo. Martina ta sa an ɗaura masa tsirkiya mai laushi, ba a kuma ja ta sosai ba. Barau ya karɓa da yatsa biyu. Ya juya shi, ya buga shi a tafin hannu, ya kasa kunne. Abin ya ce buf.

"Dalyop, wannan raket ne ko taliya ce ta dahu ta wuce?"

"Gwada dai, Oga. Manyan 'yan wasa ma suna riƙe irinsa."

"Manyan 'yan wasan ina? Na asibiti?"

Ya shiga fili da shi don ba shi da wani. Makonnin farko mita ce kawai, kuma a yi masa adalci, ba duka mitar ce ƙarya ba. In ya saki bugunsa miƙaƙƙe yadda ya saba, sai ƙwallon ta yi tsalle ta wuce layi, domin raket ɗin yana ƙara mata nasa turin. Da tsohon, tun ƙwallo ba ta bar tsirkiya ba ya san inda ta taɓa da inda za ta faɗa. Da wannan kuwa komai ya dushe, bugun tsakiya da na gefe duk ɗaya a hannu. In ya matso raga Dalyop ya aiko masa da mai nauyi, sai ya ji kan raket ɗin ya ɗan karkace. Sabis ɗinsa ma, wato bugun fara wasa, ya rage kaifi. Mai koyo ba zai lura da ko ɗaya cikin waɗannan ba, zai ma ce ya samu aljanna. Gwani ne yake jin su, domin shi da hannu yake gani.

Amma gwani gwani ne. Ba tare da ya yi niyya ba hannunsa ya fara koyon halin abin. Ya gane in ya shafi ƙwallon daga ƙasa zuwa sama ta murɗa, tana nutsewa cikin layi ta tashi har kafaɗar Dalyop. Ya gane ƙwallon tana ɗan jinkiri a kan tsirkiya, har ya samu zarafin sauya shawara ya aika ta inda ba a zata ba. In an kore shi kusurwa, da ɗan taɓi kawai take komawa can ƙarshen fili. Ya fara ajiye gajeru a bayan raga, su faɗi su kwanta, abin da da yake kira wasan matsorata. Dalyop ya yi ta gudu yana haki, ya sha kaye a hannunsa fiye da yadda ya taɓa sha. Wata safiya kuma Barau ya ɗaga buta ya gama alwala, sai da ya miƙe ya tuna bai cije leɓe ba. Asama'u ta gani, ta yi hamdala a ranta.

Da mai hankali ne, da labarin ya ƙare a nan, kowa ya huta.

Wata yamma ya fito daga fili sharkaf da gumi, ya gama lallasa Dalyop, yana tafe yana jiran kirari. Ɗan'azumi ya buɗe ido ya dube shi da mamaki, mamakin gaske kuwa, shi ya sa ya fi ciwo.

"A'a, Bindiga! Yaushe ka zo? Wallahi mun ɗauka Madam ce take motsa jiki a ciki."

Majalisa ta kwashe da dariya. Dalyop ya ce, "Ku bari, mutumin nan ya kusa kashe ni yau." Ba wanda ya saurare shi.

"Kashe ka da me?" in ji Ɗan'azumi. "Mu dai buf, buf muka ji. Ko kayan shagon ya fara kawowa fili? Oya, mai shayi, zuba wa Barau Katifa, ka sa madara da yawa, kar ya ƙone."

Sunan ya zauna daram. Kafin mako ya zagayo ya isa Agege, har masu okada a bakin shago suna ɗaga masa hannu da shi. Barau ya daina tsayawa shan shayi. Yana ci a fili, ya fito ta bayan motoci kamar wanda ya yi sata. A gida ya zama ba a iya masa, fanka ta yi ƙara laifi, ta yi shiru laifi. Asama'u ta tambaye shi ko hannun ne ya dawo da ciwo.

"Hannu lafiya lau," ya ce da ɗaci, kamar wanda aka yi wa mugun abu. "Ina ci kullum, Maman Nazifa, amma ba wanda yake ji."

"To ji ake ci ko wasa?"

"Ba za ki gane ba."

Gaskiyarsa, ba za ta gane ba. Wa zai gane dattijon da aka ba shi lafiya da nasara a hannu ɗaya, ya zauna yana baƙin ciki don masu shan shayi a bayan tamfol ba su ji ƙara ba?

Ana haka gasar kulob ta shekara ta zo, wadda ake yi don wani ɗan kofi da ko ruwa ba a sha da shi. Kamar yadda aka saba, Barau da Dalyop ne suka kai wasan ƙarshe. Ana jibi wasan Barau ya rufe shago da wuri ya tafi wurin Habibou, mutumin Maraɗi da ke ɗaura wa 'yan kulob tsirkiya da ɗan injinsa a wata rumfa. Ya ajiye raket ɗin a gabansa, ya nuna wani naɗin tsirkiya baƙa mai tauri kamar wayar shanya, irin wadda samari masu ƙarfin dantse suke sawa.

"Yanke wannan, ka sa mini waccan. Ka ja ta yadda kake ja mini da."

Habibou ya dubi raket, ya dubi Barau. "Patron, wanga raket ba a yi shi don wagga tsirkiya ba. Kuma Madam ta ce kar a taɓa shi."

"Madam ce take riƙe shi ko ni? Saurara ka ji. Shebi sun ce maganin a jikin raket ɗin yake, yana lanƙwasa? To ya yi ta lanƙwasa abinsa, ban hana shi ba. Tsirkiya ai murya ce kawai."

Ka ji fa! Shi a lissafinsa raket ɗin laya ce, muddin tana hannu tana aiki, ko me aka yi mata. Alhali tsirkiyar ce take fara karɓar duka, in ta ƙi shanyewa ina zai tafi in ba hannu ba? Daidai yake da ka sayi katifa mai laushi ka shimfiɗa katako a kai ka kwanta. Da wani ne ya zo shagonsa da wannan magana, da Barau ya yi masa huɗuba da yare uku.

Habibou ya sake gwadawa, Barau ya ɗaga murya, ya ce tun Habibou bai san hanyar Legas ba yake buga tanis. Habibou ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Bon," ya sa almakashi. Barau ya tsaya a kansa yana cewa ƙara ja, ƙara ja, har jikin raket ɗin ya fara ƙara a cikin inji. Da aka gama ya buga shi a tafin hannu. Abin ya ce ƙyan. Barau ya yi murmushin da rabonsa da shi tun ranar mai kurar gwangwan, ya zura raket ɗin a jaka ya zuge, bai nuna wa kowa ba.

Ranar wasa majalisa ta cika har ana aron benci. Martina tana ciki, zaune kusa da alƙali da lema a hannu. Barau ya jefa ƙwallo sama ya sauke mata sabis na farko.

Ƙau!

Daga bayan tamfol aka ji kofin shayi ya faɗi, sannan muryar Ɗan'azumi: "La ilaha illallahu! Bindiga ya dawo!" Aka hau dukan tebur ana ihu. Martina ta miƙe tsaye, lemar ta faɗi ba ta ko duba ba. Ita ma kunne gare ta.

Abin takaicin, raket ɗin ya tashi daga wancan bai kai wannan ba. Jikinsa yana nan yana lanƙwasawa, tsirkiyar kuwa ta ƙi ba da kai. Ɗan jinkirin nan da yake ba shi damar ajiye ƙwallo inda ya so ya tafi, turin ma ya tafi, sai ya zama dole Barau ya zuba ƙarfin dantse a kowane bugu kafin ƙwallon ta yi nisa. Wasansa ya fi na makon jiya muni, duk mai ido ya gani. Amma masu ido kaɗan ne a wurin, kuma kowane ƙau sai an amsa masa daga waje. Tun ba a yi nisa ba zafin ya dawo, ba tsamin da ba, wani abu mai kaifi da ke tafiya daga gwiwar hannu har yatsu.

Da aka zo sauya gefe Martina ta fizge raket ɗin daga hannunsa, ta danna tsirkiyar da yatsa, ko motsi ba ta yi ba.

"Wa ya yi wannan? Oga Barau, kana da hankali kuwa? Ka tsaya yanzu yanzu!"

"Madam, small thing ne. Ba ni abina."

Dalyop ya matso yana share fuska. "Oga, na bar maka wasan. Ɗauki kofin, mu je gida."

Da ya san Barau da kyau da bai faɗi haka ba. Idanun Barau suka kaɗa suka yi ja.

"Ni za a ba sadaka? A gaban mutane? Koma wurinka, Dalyop!"

Aka koma. Dalyop, bawan Allah, ya ga ba mafita sai a gama da wuri, ya fara zubar da ƙwallo da gangan, wannan a raga, waccan a waje. Barau ya gane, ya daka masa tsawa ya ce ya buga kamar namiji ko ya fita. Tsakanin bugu da bugu yana riƙe raket da hagu, hannun dama na reto yana rawa. Duk da haka in ya zo bugawa sai ya mayar da shi dama ya dage, domin can waje an fara rera sunansa, na asalin.

A bugun ƙarshe ya tattara duk abin da ya rage masa ya sauke sabis. Ƙarar ta fi ta kullum, tsuntsaye suka tashi daga bishiya. A cikin ƙarar ya ji wani abu ya ce ɗas a gwiwar hannunsa, raket ɗin ya suɓuce ya yi gaba shi kaɗai. Ƙwallon ta faɗa ciki. Dalyop bai ko motsa ba, hannun Barau yake kallo.

A raga Dalyop ya miƙo hannu, Barau ya miƙa nasa, yatsun suka ƙi rufewa. Dalyop ya tallabe shi da hannu biyu. Martina ta zo ta duba, ta ce ya matse yatsanta, ya kasa. Ta naɗe tawul ta rataye masa hannun a wuya, ranta a ɓace.

"Litinin da safe ka zo asibiti. Ina ganin sai an yi aiki. In Allah ya taimaka zai riƙe ƙananan abubuwa. Raket kam ka manta da shi."

Ya ji ta sarai. Amma yana fita ƙofa majalisa ta yi masa caa, wannan ya dafa kafaɗa, wancan ya ɗaga kofin sama. Ɗan'azumi ya rantse har Oshodi an ji bugun ƙarshen nan, ya ce duk wanda ya sake cewa Katifa sai ya gamu da shi. Sai can ya lura da tawul ya ce, "Me ya samu hannun?" Barau ya ce ɗan targaɗe ne. Kuma wallahi murmushi yake yi, haƙora a waje, gumin azaba na zuba a goshinsa. Aka ce Allah ya sawwaƙe, aka koma shan shayi.

Dalyop ne ya kai shi gida Agege a mota. Asama'u tana tsakar gida. Martina ta riga ta kira ta. Asama'u ta dubi tawul ɗin, ta dubi kofin da ya rungumo da hagu, ta ce sannu da zuwa, ba ta ƙara ba. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi, domin ya tanadi amsoshi tun daga Ogba.

Bayan magariba ta ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kuɓewa a kan tabarma. Ya zare hannun daga tawul a hankali, ya wanke, ya yi bismilla, ya kai shi kan tuwon. Yatsun suka taɓa, suka tsaya a nan. Ya sake gwadawa da cije baki, ya ɗan gutsuro, kafin ya kai miya lomar ta faɗi a kan tabarma. Ya dubi hannun hagu. Ya ɗaga shi har ya kusa kwano, sannan ya mayar da shi kan cinya. Tun yana yaro bai taɓa kai hagu baki ba, kuma ga 'ya'yansa zaune suna kallo.

Asama'u ta ce wa yaran su ɗauki nasu su koma ɗaki. Ta saki labule. Ta jawo ruwa ta wanke hannunta, ta zauna a gabansa, ta yanki loma ta mulmula ta tsoma a miya. Idonta cike da hawaye, na tausayi ne ko na haushi, ita ma ba ta sani ba.

Barau ya gyara murya. "Maman Nazifa, amma fa da kin ji ƙarar bugun ƙarshen nan..."

"Buɗe bakinka," ta ce.

Ya buɗe.